Rufe rijiyoyin mai a Tsibirin Baro na Ostareliya

Tsibirin Baro yana cikin teku ne a arewa maso yammacin Ostareliya, tazarar wajen kilomita 50 daga gaɓar yankin Filbara, faɗinsa kuma kusan murabba'in kilomita 235. Tun 1910 gwamnati ta killace shi a matsayin gandun namun daji mai daraja ta ɗaya, saboda akwai dabbobin da a babban yankin ƙasar kyanwa da yanyawa sun kusa cinye su amma a nan suna nan lafiya lau, ga kuma kunkurun teku da ke fitowa yin ƙwai a bakin ruwa.

Sai a 1964 kamfanin WAPET ya gano mai a wurin, aka fara ɗiba a 1967, daga baya Chevron ya karɓi ragama. An kwashi sama da ganga miliyan 300, rijiyoyin da aka haƙa ɗaruruwa ne, to yanzu man ya ja baya sai maganar rufewa da kwashe kaya, amma fa masana'antar gas ta Gorgon da ta fara aiki a 2016 tana nan ba ta cikin wannan lissafi.

Rufe rijiyar mai ba irin burtsatsen da ya lalace a ƙauyukan Ringim ko Gumel ba ne da za a cire kan famfo a tafi a bar bututu yana tsatsa. Dole a zare kayan ciki, a ɗura siminti a matakai daban-daban can ƙasa don kar mai ko gas ya biyo ramin ya haɗu da ruwan ƙarƙashin ƙasa, a gwada a ga ba ya yoyo, sannan a yanke kan rijiyar a binne. Bayan nan ga bututai masu tsawon gaske da tankuna da turakun lantarki, sai a wanke su a yayyanka a loda a jirgin ruwa, ga ƙasar da mai ya jiƙa ita ma ko a gyara ta ko a kwashe.

Inda aikin ya fi cin rai shi ne wajen shigo da kayan aiki. Mota ko katafila ko takalmin lebura, komai sai an wanke an bincike shi tun kafin ya bar gaɓa, don ɓera ɗaya ko irin ciyawar da ba ta wurin ba in ta shiga an shiga uku. Ciyawar da za a mayar a filin da aka share ma daga tsibirin ake tara irinta, kuma wurin fari gare shi, tsiro ba ya sauri, shi ya sa ni dai a ganina wannan ɓangaren zai fi rufe rijiyoyin daɗewa.

Ga guguwa kuma da ke tsayar da aiki, don a nan ne aka auna iska mai gudun kilomita 408 a awa lokacin guguwar Olibiya a 1996.