Ma'anar “Folo-kam” a Rediyon Mota

Duk dillalin motar da ya ɗora bidiyo a TikTok ko Facebook yanzu sai ya shafa allon dashbod ya ce, “Alhaji, wannan folo-kam ne.” Mai saye kuma ya ɗauka kamfani ne ya saka. A nan ake cutar mutane.

Folo-kam na nufin abin da mota ta shigo da shi ƙasar nan, shi ke nan. Idan Ba'amurke ya cire rediyon Camry ɗinsa ya saka Pioneer, ya ja ta shekaru, sannan aka lodo ta zuwa Kwatano ko Legas, to wannan Pioneer folo-kam ce, amma Toyota ba ta san da ita ba. Na kamfani daban, na biyo-mota daban. Abin da ya fi ɓata min rai shi ne allon Android ɗin da aka ɗaura jiya a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano, ledar fuskarsa ma ba a ɓare ba, shi ma a kira shi folo-kam don a ƙara kuɗi.

Na kamfanin ma yana da nasa aibu. Rediyon motar Amurka a zangon AM yana tsallake goma-goma ne, 590 sai 600, alhali tashoshinmu tara-tara aka jera su. Shi ya sa Rediyon Najeriya Kaduna da ke kan 594 ba ya fita tangaram. Tsofaffin kuma ba Bluetooth, ba kyamarar ribas.

To amma kafin ka cire shi, san abin da ke bayansa. Dubi Honda Accord ta 2003 zuwa 2005, wadda ake kira EOD: rediyo da maɓallan AC a jiki ɗaya suke. Ka fizge rediyon, ka tafi da sanyin motar, sai dai allon da ka sayo an yi shi don ita musamman. Toyota mai lasifikan JBL tana da amfilifaya, na'urar ƙara ƙarfin sauti, a ɓoye; in ba a haɗa ta daidai ba, sabon allo zai kama, lasifika su yi tsit. Maɓallan sitiyari su ma sai da ɗan akwatin da ke fassara saƙonsu. Mai wayarin da ba shi da soket ɗin da ya dace sai ya ɗauko filaya, ya datse wayoyin kamfani, ya murɗa, ya naɗe da salatif. Bayan sati batir ya fara kwana yana zuƙewa, saboda an haɗa wayar makulli da mai wuta kullum.

Ni dai in na kamfani ya mutu, na fi son a nemo irinsa a saka, soket ya shiga soket. Wanda ya nace sai allo, ya sayi mai soket ɗin motarsa, ya tsaya a kan mai aikin har ya gama, ya kuma adana tsohon rediyon don ranar sayarwa.