Gonakin Inabi na Gado da Girbin Shekara a Burgundi

Burgundi yanki ne da ke gabas ta tsakiyar ƙasar Faransa, wanda ya yi suna a duniya wajen noman inabi da haɗa giyar inabi. Abin da ya bambanta shi da sauran manyan yankunan wannan sana'a shi ne yawancin gonakinsa ƙanana ne ƙwarai, kuma suna hannun iyalai da suka gaje su kaka da kakanni, waɗanda su ne ke nomawa, su girbe, su kuma haɗa giyar a gidajensu. Cibiyar noman ita ce Côte d'Or, wani siririn gangaren tudu mai dutsen farar ƙasa da ya miƙe kimanin kilomita 60 daga birnin Dijon zuwa kudu da garin Beaune. Irin inabi biyu ne suka mamaye wurin: Pinot noir na jar giya, da Chardonnay na fara.

Yadda gonakin suka rarrabu

Sufayen Kirista ne suka fara tsara noman yankin, musamman na gidan ibadar Cluny da na Cîteaux, wanda aka kafa a shekarar 1098. Su ne suka lura cewa filaye biyu masu maƙwabtaka da juna kan ba da giya mai ɗanɗano dabam saboda bambancin ƙasa, gangare da yadda rana ke bugun kowanne, don haka suka shata iyakoki, suka kewaye waɗansu gonakin da katangar dutse. A shekarar 1395 mai mulkin Burgundi, Philippe le Hardi, ya ba da umarnin a tuge inabin Gamay a bar Pinot noir. Waɗannan filaye masu suna da iyaka, da ake kira climats, su 1,247 ne hukumar UNESCO ta sanya cikin wuraren tarihi na duniya a 2015.

Juyin juya halin Faransa na 1789 ya ƙwace filayen coci, aka yi gwanjonsu, sannan dokar Napoleon ta 1804 ta wajabta raba gado tsakanin dukan 'ya'ya. Daga nan kowane rabon gado ya riƙa ƙara yanyanka gonakin, har ta kai wani magaji bai mallaki fiye da 'yan kunyoyi ba. Clos de Vougeot, gona ɗaya mai faɗin kusan hekta 50 wadda sufayen Cîteaux suka kewaye da katanga, yau tana da masu ita kimanin 80, kowa na haɗa tasa giyar da sunan gonar, kuma ingancinsu ba ɗaya ba ne. Shi ya sa a Burgundi sunan gona kaɗai ba ya wadatar da mai saye, sai ya san gidan da ya noma ta.

A ƙarshen shekarun 1870 ƙwaron filoksera, wanda ya shigo Turai daga Amurka yana cin saiwar kuranga, ya iso yankin ya halaka gonaki. Maganin da ya ɗore shi ne aure kurangar Turai a kan saiwar irin Amurka, kamar yadda ake yi wa mangwaro aure, kuma har yau haka ake dasawa. A da manoma kan sayar da giyarsu cikin ganguna ga manyan 'yan kasuwar Beaune, su gauraya su sayar da sunansu. Wajajen shekarun 1930 ne gidaje irin na Henri Gouges, Armand Rousseau da Marquis d'Angerville suka fara ɗura giyarsu a kwalba da kansu.

Girbi

Aikin shekara kan fara da datse rassa a lokacin hunturu. Cikin Afrilu kuranga ke toho, kuma a nan hankalin manomi ya fi tashi, domin sanyin dare ɗaya mai daskarar da raɓa kan iya ƙone tohon gaba ɗaya. Haka ta faru a Afrilun 2021, inda manoma suka kwana suna kunna manyan kyandirori tsakanin kunyoyi, amma duk da haka amfanin shekarar ya ragu matuƙa. Da bazara kuma ruwan ƙanƙara ne abin tsoro, don yakan lalata gonar wani ya bar ta maƙwabcinsa. A wannan fuskar warwatsuwar gonaki kan zama alheri ga iyali, tunda da wuya ƙanƙara ta faɗa wa filayensu duka a rana guda.

Tsohon lissafin manoma shi ne kwana ɗari daga fure zuwa girbi. Amma zaɓar ranar farawa ita ce shawara mafi nauyi da mai gida ke yankewa a shekara: yakan zagaya gonakinsa yana ɗanɗana 'ya'yan, yana auna zaƙi da tsami, yana kuma duban sama, domin in ya yi gaggawa inabin bai nuna ba, in ya yi jinkiri ruwa na iya saukowa ya ruɓar da shi. A manyan gonaki da hannu ake tsinka, cikin mako ɗaya zuwa biyu, inda dangi, ɗalibai da 'yan ƙwadago daga wasu ƙasashe ke haɗuwa, masu yanka na cika kwanduna, masu ɗauka na kai wa mota. Bayan an tsince ruɓaɓɓu an kuma bar ruwan ya tsimu, sai a zuba giyar a gangunan katako masu cin lita 228, ta yi shekara ɗaya ko fiye kafin a ɗura. Ranar ƙarshe mai gida kan shirya wa ma'aikata liyafa da ake kira paulée.

A da hukuma ce ke shelar ranar da aka yarda a fara girbi, kuma wannan al'ada ta bar wa masana taska: bayanan ranakun girbi na Beaune sun faro tun daga 1354. Binciken da aka wallafa a 2019 ya nuna cewa daga 1988 zuwa 2018 girbi ya matso gaba da kimanin kwana 13 a kan yadda aka saba cikin ƙarnonin baya, saboda ɗumamar yanayi. A shekarar 2003 mai tsananin zafi tun cikin Agusta aka fara.

Matsalar gado a yau

Shaharar giyar ta sa farashin filaye ya yi tashin gwauron zabo, har hekta guda a manyan gonaki kan kai miliyoyin yuro. Harajin gado kuwa a kan darajar fili ake lissafa shi, ba a kan abin da gona ke samarwa ba, don haka magajin da ke son ci gaba da noma yakan rasa kuɗin biyan haraji da na fansar rabon 'yan uwansa. Wasu manyan gonaki sun riga sun koma hannun masu kuɗi: kamfanin kayan alatu na LVMH ya sayi gonar Clos des Lambrays a 2014, attajiri François Pinault kuma ya sayi gonar Clos de Tart a 2017. Iyalai da dama sun koma kafa kamfanin mallakar fili na haɗin gwiwa, inda magada ke riƙe da hannun jari, ɗaya daga cikinsu ya noma gonar yana biyan sauran kuɗin haya, wani lokaci ma da kwalaben giyar shekarar.