Hanyar Dalton ta Alaska: Tambayoyi da Amsoshi Kan Tafiyar Mota Zuwa Gaɓar Tekun Aktik

A can ƙuryar arewacin jihar Alaska ta ƙasar Amurka akwai wata hanyar mota guda ɗaya tilo da ta keta kurmi da tsaunuka da fili fetal har ta kusa isa Tekun Aktik. Sunanta hanyar Dalton, kuma masu sha'awar doguwar tafiya a mota ko a babur suna zuwa daga ƙasashe daban-daban domin su bi ta.

Daga ina ta taso, kuma ina ta nufa?

Hanyar ta faro ne daga wata mararraba da ke kimanin kilomita 135 arewa da birnin Fairbanks, ta miƙa arewa tsawon kilomita 666, ta ƙare a Deadhorse, wani sansanin ma'aikatan haƙar mai da ke kusa da Prudhoe Bay. Ke nan wanda ya tashi daga Fairbanks yana da kusan kilomita 800 a gabansa kafin ya kai ƙarshenta, kuma mafi yawan masu yawon buɗe ido sukan raba tafiyar kwana biyu a zuwa, kwana biyu a dawowa, domin babu wata hanyar da za a zagayo ta ita.

Me ya sa aka yi hanya a wurin da kusan babu mutane?

Saboda man fetur aka yi ta, ba saboda mutane ba. A shekarar 1968 aka gano ɗanyen mai mai ɗimbin yawa a Prudhoe Bay, amma teku a wurin yakan daskare mafi yawan watannin shekara, don haka jiragen ruwan dakon mai ba su da amfani. Sai aka yanke shawarar shimfiɗa bututu mai tsawon kusan kilomita 1,300 daga can zuwa tashar jiragen ruwa ta Valdez da ke kudancin jihar. Bayan takunkumin mai da ƙasashen Larabawa suka ƙaƙaba a 1973, majalisar dokokin Amurka ta ba da izinin aikin, kuma da yake ba a iya kai bututu da injuna inda babu hanya, aka shimfiɗa mafi yawan wannan hanya a 1974 cikin wata biyar kacal. An kammala gadar kogin Yukon a 1975, mai kuma ya fara gudana a bututun a 1977. Daga baya aka sa wa hanyar sunan James W. Dalton, wani injiniya da ya daɗe yana aiki a yankin Aktik, amma ba a bar jama'a su bi ta har ƙarshe ba sai a 1994.

Duk wanda ya riƙe wannan tarihi zai gane sauran halayen hanyar ba tare da wahala ba: hanyar dakon kaya ce, kuma mai yawon buɗe ido baƙo ne a kanta.

Akwai kwalta kuwa?

Akwai a wasu sassa, amma mafi yawanta burji ne da tsakuwa. Abin mamaki shi ne sassan da ke da kwalta ba lallai su fi sauran daɗin tuƙi ba. Ƙasar da ke ƙarƙashin hanyar daskararriya ce shekara da shekaru, kuma idan samanta ya narke da bazara ya sake daskarewa da hunturu, sai kwaltar ta kumbura a nan, ta lotsa a can, har mota ta riƙa tsalle idan direba bai sassauta ba. Burji kuwa gireda tana iya bi ta daidaita shi. Wannan daskararriyar ƙasa ce kuma ta sa aka ɗora fiye da rabin bututun a kan ginshiƙai maimakon a binne shi, domin ɗanyen man da zafinsa yake fitowa, kuma da an binne bututun da ya narkar da ƙasar da ke riƙe da shi.

Hukumar kula da hanyoyi takan zuba wani sinadari mai kama da gishiri a kan burjin domin ya kwantar da ƙura. Da zarar an yi ruwa, sinadarin nan yakan mayar da saman hanyar taɓo mai santsi da ke manne wa mota, ya rufe fitilu da lamba, ya kuma ci ƙarfe idan ba a wanke shi da wuri ba.

Me ya sa kowa ke gargaɗi a kan tireloli?

Domin su ne masu hanyar, kuma su ke da fifiko a kanta. Dare da rana, rani da hunturu, tireloli suna jigilar bututu da injuna da abinci zuwa filin mai, har da tankokin man dizal, wanda ake ɗauka daga kudu a kai shi wurin da ake haƙo ɗanyensa. Direban da ke ɗauke da irin wannan nauyi ba ya iya tsayawa nan take, kuma idan ya tunkari hawa mai tsayi, dole ya tara gudu tun daga gangaren da ke gabansa, in ba haka ba motar ta mutu masa a tsakiyar tudu. Saboda haka ƙaramar motar da ta tsaya a ƙasan gangare ko a kan gada ko a bayan kwana domin a ɗauki hoto tana jefa rayuka cikin haɗari, ba na masu ita kaɗai ba.

Ladabin hanyar sananne ne a wurin masu bin ta. Idan ka hango ƙurar tirela tana tahowa, sai ka rage gudu sosai, ka raɓe dama ba tare da ka hau gefen hanya mai laushi ba, domin gefen yakan zabtare ya ja mota cikin rami. Rage gudun nan ba ladabi kaɗai ba ne, dabara ce, saboda tsakuwar da tayoyin tirela ke watsowa ta fi fasa gilashin gaba idan kai ma kana gudu, kuma yawancin direbobin sukan sassauta wa wanda suka ga ya sassauta musu. Ana barin fitilun gaba a kunne ko da tsakar rana. Direbobin suna magana da juna ta rediyon oba-oba a tasha ta 19, suna sanar da inda suke kafin su shiga kwana ko su hau tudu, kuma baƙon da ya ɗauki irin wannan rediyo ya saurara zai san abin da ke tafe tun kafin ya gan shi. A ganina wannan ɗan rediyo ya fi wayar salula amfani nesa ba kusa ba, tunda a mafi yawan hanyar babu sabis.

A ina ake shan mai, a ci abinci, a kwana?

Wurare uku ne kawai ake sayar da mai: a bakin gadar Yukon, kimanin kilomita 90 daga farkon hanyar, sai Coldfoot a wajen kilomita 280, sai kuma Deadhorse. Tsakanin Coldfoot da Deadhorse akwai kusan kilomita 390 da babu gidan mai, babu shago, babu mai faci, wato nisan da ya kusa kai na Kano zuwa Abuja. Coldfoot wurin yada zangon direbobin tirela ne, akwai gidan abinci da ɗakunan kwana da wata cibiyar gwamnati da ke yi wa baƙi bayani da bazara. Kaɗan gaba da shi akwai Wiseman, tsohon ƙauyen masu haƙar zinariya da mutanensa ba su taka kara sun karya ba. Mai tanti yana iya kwana a wuraren da aka tanada, kamar Marion Creek da gefen tafkin Galbraith. Asibiti kuwa babu shi a kan hanyar, kuma agaji yana iya ɗaukar sa'o'i masu yawa kafin ya iso.

Wace irin mota ta dace, kuma wane guzuri za a yi?

Mota mai tsayi daga ƙasa da tayoyi masu ƙwari ta fi dacewa, kuma shawarar da hukumomi ke bayarwa ita ce a ɗauki safaya biyu cikakku a kan ƙarafunansu, da jak, da kayan faci, da ruwa da abinci na ƙarin kwanaki, da tufafin sanyi ko da a tsakiyar bazara. Wanda zai yi hayar mota ya karanta yarjejeniyar da kyau, domin yawancin manyan kamfanonin haya sun haramta hawa wannan hanya da motocinsu, kuma wanda ya saɓa, duk ɓarnar da ta faru a wuyansa take. Akwai ƙananan kamfanoni a Fairbanks da ke ba da motocin da aka shirya musamman saboda ita.

To mene ne abin gani da ya kai a sha wannan wahala?

Abin da ya fi ɗaukar hankali shi ne yadda ƙasa ke sauya kama a gaban idon matafiyi. Da farko kurmi ne na siraran itatuwa, sai kogin Yukon da gadarsa mai tsawon kusan mita 700, wadda aka shimfiɗa wa katako a sama kuma take gangarowa daga wannan gaɓa zuwa waccan. A kilomita 185 akwai allon da ke nuna an tsallaka Da'irar Aktik, wato layin taswira da ke nuna farkon yankin Aktik, kuma a nan ne masu yawon yini ɗaya da yawa ke ɗaukar hoto su juya. Sun yi asara, domin mafi kyawun hanyar yana gaba. Bayan Coldfoot itatuwa sukan riƙa gajarta suna raguwa har su ƙare ƙaf, sai hanya ta hau tsaunukan Brooks ta mashigin Atigun mai tsayin mita 1,444, inda tumakin dawa farare ke tsayuwa a kan duwatsu, inda kuma ma'aikatan hanya ke harba igwa da hunturu domin su zubo da tarin dusar ƙanƙara da gangan kafin ta rufto wa motoci. Daga can sai gangara zuwa shimfiɗaɗɗen fili marar itace ko ɗaya, inda ake ganin garken barewar da ake kira karibu, da wani nau'in ɓauna mai dogon gashi, wani lokaci har da beyar. Bututun kuma yana biye da matafiyi kusan ko'ina, yana tafiya a karkace kamar maciji domin ya samu wurin motsi idan zafi ya miƙar da shi ko ƙasa ta girgiza.

Wane lokaci ya fi dacewa a je?

Daga Yuni zuwa ƙarshen Agusta ne baƙi suka fi zuwa, ko da yake dusar ƙanƙara tana iya sauka a Atigun a kowane wata. A Yuni da Yuli sauro yakan yi yawan da sai an rufe fuska da raga, a ƙarshen Agusta kuwa ya ragu, ciyayi sun koma ja da rawaya. Hunturu na gwanaye ne kawai: a Prospect Creek, a gefen wannan hanya, aka auna sanyin digiri 62 ƙasa da sifili a ma'aunin Selshiyos a Janairun 1971, mafi tsanani a tarihin Amurka. Ambaliya ma takan yanke hanyar, kamar yadda kogin Sagavanirktok ya yi a 2015 kusa da Deadhorse.

Musulmi matafiyi yana da nasa lissafin, domin a Deadhorse rana ba ta faɗuwa tun daga tsakiyar Mayu har zuwa ƙarshen Yuli. Malamai sun yi fatawa cewa a irin wannan wuri ana ƙaddara lokutan salla da azumi ne, wasu suka ce da agogon gari mafi kusa da dare da rana ke rarrabuwa a cikinsa, wasu suka ce da na Makka, don haka ya kyautu mutum ya tambayi malaminsa tun yana gida.

Ana iya tuƙa mota har bakin tekun?

A'a. Hanyar jama'a ta ƙare ne a Deadhorse, kuma 'yan kilomitocin da suka rage zuwa gaɓar teku suna cikin filin kamfanonin mai, wanda ke da shingen masu gadi. Wanda ke son ya taɓa ruwan Tekun Aktik sai ya yi rajista da motar safa da ke kai baƙi da bazara, ya ba da bayanan katin shaidarsa ko fasfonsa aƙalla yini guda kafin tafiyar domin a tantance shi. Wanda bai yi wannan rajista ba, iyakarsa shingen.