Waiwaye: Yadda 'Yan Sa-kai Suka Tono Rafukan Birane Daga Ƙarƙashin Siminti

Yawancin tsofaffin birane a bakin ruwa aka kafa su, amma da zarar birni ya cika ya batse, ƙananan rafukan da suka shayar da mazaunansa na farko su ne ke fara ɗanɗana kuɗarsu. A ƙarni na 19, lokacin da masana'antu suka yawaita a Turai da Amurka, cikin waɗannan rafuka ake tura najasa da jinin mayanka da ruwan majema da na marina. A lokacin zafi na 1858 warin Kogin Thames ya addabi 'yan majalisar dokokin Birtaniya har suka amince da kuɗin gina manyan magudanan ƙarƙashin ƙasa da injiniya Joseph Bazalgette ya tsara wa Landan, aka kuma haɗe rafuka irin su Fleet da Tyburn da waɗannan magudanai. Adalci ne a ce hukumomin wancan zamani suna da hujja, domin kwalara tana kashe dubban mutane, kuma rufe ruwa mai ɗoyi shi ne maganin da ke hannunsu.

A ƙarni na 20 tsoron ambaliya ne ya ƙarasa aikin. Bayan ambaliyar 1938 da ta hallaka mutum fiye da 100 a yankin Los Angeles, sashen injiniyoyi na rundunar sojan Amurka ya shafe yawancin kogin birnin, mai tsawon kusan kilomita 82, da siminti ciki da gaɓa. Manufar ita ce ruwan sama ya bar gari da gaggawa, kuma birane da dama sun kwaikwayi wannan tsari, har aka tashi yara waɗanda ba su san cewa lambatun da ke bayan gidansu yana da suna ba.

Hankali ya fara dawowa kan ruwa bayan da Kogin Cuyahoga ya kama wuta a Cleveland a 1969 saboda man da ke yawo a kansa, aka kuma kafa dokar tsaftar ruwa ta Amurka a 1972. Sai dai dokar ta fi ƙarfi a kan bututun masana'antu da matatun najasa, ƙaramin rafin unguwa kuwa bai samu mai kallonsa ba sai maƙwabtansa. A 1974 wata mata mai suna Ruth Anderberg ta haɗa kai da mazauna unguwar Bronx a New York suka shiga kogin unguwar suna jawo tayoyi da firji da gawarwakin motoci. Wannan aikin gayya ne ya zama tushen ƙungiyar Bronx River Alliance da aka kafa a 2001, kuma a 2007 aka ga biba, dabbar nan mai datse ruwa da itace, a kogin, bayan kimanin shekara 200 ba a ga irinta a birnin ba. A Los Angeles kuwa, wani marubucin waƙoƙi mai suna Lewis MacAdams ne ya yanke wayar shingen kogin da almakashin ƙarfe ya shiga da abokansa, daga nan aka kafa ƙungiyar abokan kogin a 1986.

Kwashe shara ba ya buƙatar izinin kowa, shi ya sa kusan kowace ƙungiya daga nan take farawa. Abin da ya sauya tarihin lamarin shi ne ranar da 'yan sa-kai suka fara ja da injiniyoyi a kan zanen aiki. A Berkeley ta jihar Kalifoniya, matsin lambar mazauna ya taimaka aka fasa kwalbatin da ya binne wani yanki na rafin Strawberry a 1984, aikin da ake lissafawa cikin na farko-farko a Amurka. Misalin da ya fi dacewa a tsaya a kansa shi ne na rafin Quaggy a kudu maso gabashin Landan. Yankin Lewisham da rafin ke ratsawa ya sha ambaliya a 1968, kuma shirin hukuma shi ne a ƙara faɗaɗa magudanar siminti. Mazauna suka kafa ƙungiya a 1990 suka kawo wata shawara dabam, wato a bar ruwan ya bazu a filayen shaƙatawa da ke sama da gidaje maimakon a koro shi da gudu zuwa tsakiyar gari. An ɗauki shekaru ana kai ruwa rana kafin hukuma ta karɓa. A farkon shekarun 2000 aka fito da rafin fili a dandalin Sutcliffe, aka rage tudun filin yadda zai riƙe ruwa idan an yi mamako, ya sake shi sannu a hankali. Gidaje sun samu kariya, unguwa kuma ta samu fadama mai tsuntsaye a wurin da dā ciyawa ce kawai.

Akan kawo rafin Cheonggyecheon na Seoul, babban birnin Koriya ta Kudu, a matsayin zakaran gwajin dafi, inda magajin gari na lokacin Lee Myung-bak ya rushe gadar sama da ke kan rafin tsakanin 2003 da 2005 aka buɗe kusan kilomita 6 na ruwa. Aiki ne mai ban sha'awa, amma na gwamnati ne daga sama har ƙasa, kuma yawancin ruwan da injin ake turo shi daga Kogin Han, saboda haka ba shi ne abin koyi ga ƙungiyar unguwa ba.

Darasi mafi ɗaci ya zo daga baya. An shuka itatuwa a gaɓa, an jera duwatsu, an kwashe shara, amma a rafuka da yawa ƙwari da kifayen da ake jira ba su dawo ba. A 2005 masana suka ba wannan yanayi sunan ciwon rafin birni, suka kuma nuna cewa tushensa yana kan tudu: rufin gidaje da kwalta da daɓen siminti ba sa shan ruwa, don haka ko ƙaramin ruwan sama sai ya faɗo cikin rafi lokaci guda, ɗauke da mai da ƙurar ƙarafa, ya zaizaye gaɓa ya share ƙwayayen halittu. Bincike da dama sun nuna cewa lafiyar rafi takan fara taɓarɓarewa tun sa'ad da kimanin kashi 10 cikin 100 na ƙasar da ke zuba masa ruwa ta rufu.

Wannan ne ya mai da 'yan sa-kai masu sa ido. Suna ɗaga duwatsu su ƙirga tsutsotsin ƙwarin da ba sa jure ƙazanta, domin ɓacewarsu takan tona asirin gubar da ta wuce da dare. A Landan sukan bi gaɓa a ranar da ba a yi ruwa ba suna duba bakin bututu, saboda bututun ruwan sama da ke zuba a irin wannan rana alama ce ta cewa wani ya haɗa banɗaki ko injin wanki da shi bisa kuskure. A Seattle ta Amurka kuma, masu bincike da 'yan sa-kai sun shafe shekaru suna ƙirga kifayen salmon nau'in koho da ke mutuwa a rafin Longfellow bayan ruwan sama, cikinsu cike da ƙwai. Sai a 2020 masana a Jami'ar Washington suka gano cewa gubar tana fitowa ne daga wani sinadari da ake sa wa tayoyin mota don kada su tsage. Tun kafin a san sunan gubar, gwaji ya nuna cewa idan ruwan titi ya ratsa cakuɗen yashi da takin ganye kafin ya kai ga kifin, kifin yana rayuwa, shi ya sa ƙungiyoyin da suka fara da buhun shara a bakin rafi yanzu suke haƙa ƙananan lambuna masu shan ruwa a gefen tituna da harabar makarantu, wani lokaci nesa ƙwarai da inda ake jin ƙarar rafin.