Manhajojin tsara aiki

Manhajojin tsara aiki su ne manhajojin waya da na kwamfuta da mutum ke rubuta abin da ke gabansa a ciki, ya sa wa kowane aiki lokaci, su kuma su tuna masa idan lokacin ya yi. A cikinsu akwai kalanda, da jerin ayyuka, da allon aikin haɗin gwiwa, da wurin ajiye rubutu, da manhajojin saƙo na ma'aikata. Sunayensu na da yawa, amma amfaninsu kusan guda ne, wato su sauke wa ƙwaƙwalwa nauyin riƙe alƙawura domin hankali ya tattaru kan aikin da ke hannu. Zaɓen abin da za a fara da abin da za a bari kuwa yana nan a wuyan mai wayar.

Asali

Yawancin dabarun da ke cikin waɗannan manhajoji sun girmi kwamfuta. Wajen 1910 zuwa 1915 wani injiniya ɗan Amurka, Henry Gantt, ya yaɗa jadawalin da ake jan layi a gaban kowane aiki don nuna ranar farawa da ranar gamawa, kuma har yau da sunansa ake kiran wannan jadawali. A Japan kuma, a shekarun 1950, Taiichi Ohno na kamfanin Toyota ya kafa tsarin kanban, inda kati ke bin kaya daga wannan sashe na masana'anta zuwa wancan, ba a ƙera wani abu sai katin ya nuna ana bukatarsa.

Na'urar aljihu ta fara ɗaukar wannan aiki ne da Psion Organiser da aka fitar a Birtaniya a 1984, sai na'urar Pilot ta kamfanin Palm a 1996. A 1997 Microsoft ya fito da Outlook, wanda ya haɗa imel da kalanda da jerin ayyuka wuri guda. Google Calendar ya zo a watan Afrilun 2006, iPhone a 2007, wayar Android ta farko a 2008. Daga nan ne abin ya fita daga hannun manyan ma'aikatan ofis ya shiga aljihun kowa. Manhajar jerin ayyuka ta Todoist ta fito a 2007. An kafa Asana, manhajar aikin haɗin gwiwa, a 2008, kuma ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa ta shi ne Dustin Moskovitz, wanda da shi aka kafa Facebook. Trello, wadda allon aiki ce, ta biyo baya a 2011, sai manhajojin saƙo na ma'aikata, Slack a 2013 da Microsoft Teams a 2017. Kuɗin da ke harkar ba kaɗan ba ne: kamfanin Atlassian ya sayi Trello a 2017 kan dala miliyan 425, Salesforce kuma ya kammala sayen Slack a 2021 kan sama da dala biliyan 27.

Dalilin da ya sa rubutawa ke kawo sauƙi

A 1927 wata masaniyar halayyar ɗan'adam, Bluma Zeigarnik, ta wallafa bincike a Berlin da ya nuna mutane sun fi tuna aikin da aka katse musu fiye da wanda suka kammala. Gwaje-gwajen da aka sake yi daga baya ba duka suka samu sakamako iri ɗaya ba, sai dai kowa ya san yadda bashin da ba a biya ba ko kiran da ba a mayar ba ke faɗo wa mutum a rai yana tsakiyar wani abu daban. A 2011 wasu masana halayyar ɗan'adam, Masicampo da Baumeister, suka nuna cewa ba sai an gama aikin ba kafin ya daina damun zuciya. Tsara takamaiman lokaci da yadda za a yi shi ya isa ya rage wannan damuwa. Wannan shi ne ginshiƙin harkar gaba ɗaya, kuma yana da sharaɗi: dole mutum ya yarda cewa inda ya rubuta abin zai koma ya duba. Jerin da ba a buɗewa ba ya sauke wa kowa nauyi.

Kalanda

Kalanda ita ce mafi tsufa kuma mafi amfani a cikinsu. Abin da ake sa mata shi ne duk wani abu mai ƙayyadadden lokaci, kamar taro, ganin likita, ɗauko yara daga makaranta, ko ranar biyan haya. Ta fi ta takarda da abubuwa uku. Tana maimaita alƙawari da kanta, misali taron kowace Litinin. Tana buga ƙararrawa kafin lokaci, ko minti 10 ko kwana guda, yadda aka saita. Sannan ana iya aika wa wani gayyata, ta faɗa cikin tasa kalandar ko da ba manhaja ɗaya suke amfani da ita ba, saboda tun 1998 aka amince da tsarin iCalendar da kusan dukkansu ke fahimta.

Akwai masu yanka ranarsu gida-gida a kan kalanda, su ware ƙarfe 8 zuwa 10 don rubuta rahoto, 10 zuwa 10 da rabi don amsa saƙonni, haka har yamma. Amfanin wannan shi ne yana fallasa ƙaryar da jerin ayyuka ke ɓoyewa. A takarda mutum zai iya jera ayyuka 20 ya ji daɗi, amma da zarar ya fara ba kowanne lokacinsa zai ga ranar ba ta ɗaukar fiye da biyar ko shida. Marubucin nan ɗan Birtaniya, Northcote Parkinson, ya lura a 1955 cewa aiki kan miƙe ya cinye duk lokacin da aka ba shi, kuma yanka rana wata hanya ce ta taka wa hakan burki.

Kalanda kan kuma warware rikicin bambancin agogo. Kano da Yamai lokacinsu ɗaya, Accra kuwa tana bayansu da awa guda. Landan ta fi rikitarwa, domin daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba agogonta daidai yake da na Najeriya, sauran watannin kuma tana baya da awa ɗaya. Wanda ya dogara da lissafin kai yakan shiga taro a makare ko da wuri a makon da aka sauya agogo. Domin rage yawan "yaushe kake da sarari?" ne kuma Tope Awotona, haifaffen Legas da ke zaune a Amurka, ya kafa manhajar sa alƙawari ta Calendly a 2013. Mutum zai buɗe lokutan da ba shi da komai, mai son ganinsa ya zaɓi ɗaya da kansa.

Jerin ayyuka da allon aiki

Jerin ayyuka na abubuwan da ba su da tsayayyen lokaci ne. Google Tasks, da Microsoft To Do, da Todoist, da Google Keep duk a nan suke. Tsarin da ya fi tasiri kan yadda aka gina su shi ne GTD (Getting Things Done, wato kammala ayyuka), wanda marubuci David Allen ya bayyana a 2001. Yana cewa a zuba komai wuri guda da zarar ya zo, a rubuta kowane aiki da matakin da za a ɗauka na gaba, abin da bai wuce minti biyu ba a yi shi nan take, sannan a zauna sau ɗaya a mako a bi jerin daga sama har ƙasa. Batun matakin gaba shi ne mutane suka fi sakaci da shi. Wanda ya rubuta "mota" zai yi wata guda yana kallon kalmar yana tsallakewa. Wanda ya rubuta "kira bakanike a tambayi kuɗin sauya burki" ya san abin da zai yi da zarar ya gani.

Allon aiki shi ne jikan kanban ɗin Toyota. Ana raba allo zuwa layuka, kowane aiki ya zama kati, ana jan katin daga layi zuwa layi. A ɗauki shagon tela mako uku kafin sallah. Layukansa za su iya zama: an karɓi yadi, an yanka, yana kan keke, yana wurin mai aikin wuya, an goge, an biya an karɓa. A kowane kati akwai awon mai kayan, da hoton yadin, da kafin alƙalamin da ya bayar, da ranar alƙawari. Idan maigida ya buɗe wayarsa ya ga kati 14 sun taru a layin mai aikin wuya alhali keke ba kowa, ya gano inda cunkoson yake tun kafin masu kaya su fara sallama a ƙofa. Ƙa'idar kanban ta asali ita ce a ƙayyade yawan katin da layi zai ɗauka, idan ya cika a daina karɓar sabo. Manhaja za ta iya nuna layin ya cika, amma ce wa tsohon kwastoma "ka yi haƙuri, ba zai samu ba kafin sallah" aikin tela ne.

Sauran dabarun da ake yawan samu a cikin manhajojin sun haɗa da Pomodoro, wadda Francesco Cirillo ɗan Italiya ya ƙirƙira a ƙarshen shekarun 1980: aiki na minti 25, hutun minti 5, bayan zagaye huɗu a yi dogon hutu. Akwai kuma raba ayyuka gida huɗu bisa gaggawa da muhimmanci, abin da ake dangantawa da shugaban Amurka Eisenhower saboda wani jawabinsa na 1954.

Yadda ake amfani da su a ƙasar Hausa

A arewacin Najeriya da kudancin Nijar, manhajar da ta fi ɗaukar nauyin tsara aiki ba a ma yi ta don haka ba. WhatsApp ce. A nan ake sanar da taron ofis, a nan malamin jami'a ke sauya lokacin lacca, a nan mai sayar da atamfa daga gida ke karɓar oda da shaidar tura kuɗi. Saƙon murya ya buɗe ƙofa ga wanda rubutun boko ke ba shi wahala. WhatsApp Business, wadda aka fitar a Janairun 2018, ta ƙaro lakabin da ake manna wa hira, kamar "sabuwar oda" ko "ba a biya ba", da amsoshin da aka riga aka tanada. Tun ƙarshen 2022 kuma mutum na iya tura wa kansa saƙo, abin da mutane da dama suka mayar littafin tuni. Rauninta shi ne komai a layi ɗaya yake tafiya. Umarnin shugaban ofis da gaisuwar Juma'a da sanarwar ɗaurin aure duk bi da bi suke shigowa, kuma saƙon murya na minti huɗu ba a iya laluben kalma a cikinsa yadda ake yi a rubutu. Saboda haka masu lura kan kwashe duk abin da ya zama alƙawari daga hira su mayar da shi kalanda tun yana sabo.

Akwai kuma batun yadda ake faɗin lokaci. Bahaushe yakan sa alƙawari "bayan la'asar" ko "tsakanin magariba da isha'i", kalanda kuwa lamba take so. Tunda lokutan salla na motsawa a cikin shekara, wanda ya sa maimaitaccen taro ƙarfe 4 zai tarar wani lokacin ya ci karo da jam'i. Google Calendar da Outlook suna iya nuna kwanan watan Hijira kusa da na Miladiyya, sai dai lissafi ne aka yi tun da wuri, kuma yakan saɓa da kwana guda da sanarwar ganin wata da Sarkin Musulmi ke yi. Rashin wuta da tsadar data su ma suna da ta cewa wajen zaɓe, domin manhajar da ke buɗewa ba tare da intanet ba, ta daidaita kanta idan sabis ya dawo, ta fi wadda komai nata sai da layi.

Matsaloli

Babbar matsalar ita ce katsewa. Wayar da ke tuna wa mutum aikinsa ita ce kuma ke ɗauke masa hankali daga aikin. Wani binciken da masaniya Sophie Leroy ta yi a 2009 ya nuna cewa idan mutum ya bar aiki bai gama ba ya koma wani, wani ɓangare na hankalinsa kan maƙale a na farkon, ingancin na biyun ya ragu. A 2018 Apple da Google duka suka sa wa wayoyinsu hanyar ganin awannin da aka ɓata a kowace manhaja da hanyar taƙaita su. Mafi sauƙin magani dai shi ne kashe sanarwar duk abin da ba kira ko kalanda ba, da ware lokutan duba saƙo.

Ta biyu ita ce tara manhajoji. Wani zai sa taro a kalanda, ayyuka a Todoist, bayanai a Notion, hira a Slack, har kula da su ya zama wani aikin na daban, abu kuma ya ɓace a tsakani. Ta uku, manhaja ba ta da tabbas. Wunderlist, manhajar jerin ayyuka ta wani kamfanin Jamus, tana da miliyoyin masu amfani lokacin da Microsoft ya saye ta a 2015, amma a watan Mayun 2020 aka rufe ta, kowa ya kwashe kayansa. Shi ya sa ake duba ko manhaja na barin mutum ya sauke bayanansa kafin ya zuba mata aikin shekaru.

Sirri da doka

Kalandar mutum da jerin ayyukansa suna nuna inda yake zuwa da waɗanda yake hulɗa da su, kuma yawanci a rumbun kamfanin suke ajiye. Tarayyar Turai ta fara aiki da dokar kare bayanai ta GDPR a Mayun 2018, Najeriya kuma ta samu tata dokar a Yunin 2023. Sabbin manhajojin da ke amfani da ƙirƙirarriyar basira wajen taƙaita taro ko tsara rana sun ƙara wa tambayar nauyi, tunda sai sun karanta saƙonni ko sun saurari taron kafin su yi aikin.

Wasu ƙasashe sun kuma shiga tsakanin ma'aikaci da wayarsa. Daga 1 ga Janairun 2017 dokar Faransa ta wajabta wa kamfanoni masu ma'aikata 50 zuwa sama su tattauna da ma'aikatansu kan lokutan da ba za a sa ran su amsa saƙon aiki ba. Portugal ta hana shugabanni tuntuɓar ma'aikata bayan tashi a 2021, in ba da larura ba, Ostireliya kuma ta ba ma'aikaci damar ƙin amsa irin wannan kira daga Agustan 2024.