Waiwaye: Halittun da ruwan zafi bai dafa su

Alhazan Katsina da Daura da suka sauke farali a 2022 ba za su manta da tsinken audugar da aka zura musu a hanci kafin tashi ba. Gwajin PCR na gano cutar korona ke nan, kuma sinadarin da ya sa gwajin ya yi sauƙi, asalinsa daga wani marmaro mai tururi ne a gandun Yellowstone na Amurka.

A farkon shekarun 1960 masana na ganin rai ba ya wuce zafin digiri 73 a ma'aunin Celsius. Sai Thomas Brock, malami a Jami'ar Indiana, ya riƙa tsoma 'yan gilasai a maɓuɓɓugan Yellowstone, ya bar su su kwana biyu. In ya ciro, sai ya tarar ƙwayoyin halitta sun manne suna ta hayayyafa, a ruwan da zai saɓule fatar hannu nan take. A 1966 shi da ɗalibinsa Hudson Freeze suka ware guda, suka raɗa mata suna Thermus aquaticus.

Abin kallo shi ne yadda halittun suka raba wurin. Tsakiyar tafkin, inda zafi ya fi tsanani, shuɗi ne garau. Ruwan na gangarowa yana hucewa, sai rawaya ta bayyana, sai ruwan goro, sai ƙasa-ƙasa, layi-layi kamar saƙar tabarma. Ban da shuɗin, wanda launin ruwan ne kansa, kowane launi wata al'umma ce da zafin da take iya ɗauka. Masu cin hasken rana su suka tsaya a 73; ciki da nan sai masu rayuwa da iskar haidirojin ko farar wuta. Da yawa daga cikinsu ba ma baktiriya ba ne: a 1977 Carl Woese ya nuna akwai wani reshen halitta daban, wanda yau ake kira Akiya.

Daga ƙwayar Brock aka ciro sinadarin Taq, mai kwafar ƙwayoyin gado (DNA), a 1976. Gwajin PCR, wanda Kary Mullis ya ƙirƙiro, sai an yi ta ɗumamawa ana sanyayawa, tsohon sinadarin kuwa duk zagaye sai ya lalace a zuba sabo. Taq ko gezau. A 1991 kamfanin Roche ya sayi haƙƙin fasahar a kan dala miliyan 300, gandun da aka ɗebo ƙwayar bai ga ko sisi ba. Irin wannan rashi na cikin abin da Yarjejeniyar Nagoya ta 2010 ta zo gyarawa: wanda ya ɗebi halittar wata ƙasa ya ci riba, a raba da masu ƙasar.

Mu ma muna da namu, ko da Katsina ba ta da rabo a ciki. Wikki na Yankari ɗumi kawai yake, wajen digiri 31, na wanka ne. Amma Ruwan Zafi na Lamurde a Adamawa da Akiri a Nasarawa sun haura 50. A ganina, ɗalibin nazarin ƙananan halittu a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa ko Dutsin-Ma ya kamata ya fara kai kwalbarsa can, tun kafin baƙo ya riga shi.