Kurakuran bayanai a rahotannin rumbun kayan gidan tarihi

Rahoton rumbun bayanai takarda ce da kwamfuta ke fitarwa daga abin da gidan tarihi ya rubuta game da kayansa: lambar rajistar kowane abu, inda aka samo shi, shekarar shigowarsa, girmansa da wurin da yake ajiye. Idan rahoto ya saɓa wa abin da ke cikin ma'aji, kuskuren yakan fito ne daga wurin shigar da bayani, ko lokacin kwashe shi daga wata manhaja zuwa wata, ko kuma daga umarnin da ya harhaɗa rahoton.

Bambancin kaya na ƙara wa aikin wuya. Gidan tarihin ƙasa na Bubu Hama da ke Yamai, wanda aka buɗe a 1959, yana da tufafin gargajiya, kayan kiɗa, ƙasusuwan dabbobin zamanin da, har da ragowar itacen Tenere da mota ta kayar a 1973. Guraben da ake cikewa a kwamfuta da suka dace da bayanin riga ba su dace da na ƙashi ba.

Inda kuskure ke ɓuya

Wanda ya fi rikita ma'aikata shi ne ninkuwar adadi. Rumbu yana ajiye bayanin abu a jadawali ɗaya, hotunansa a wani. Idan aka haɗa su ba da lura ba, kalangu mai hoto uku sai ya fito sau uku, a ga kaya sun yi yawa alhali ko allura ba ta ƙaru ba. Maganinsa shi ne a umarci rahoton ya ƙirga lambar rajista, kowace sau ɗaya. Akwai kuma batun me ake ƙirgawa tun farko: takalmi ƙafa biyu abu ɗaya ne ko biyu? Idan gida bai tsai da ƙa'ida ba, kowane ma'aikaci da nasa lissafi.

Sunayen wurare ma haka. Rajistar da aka rubuta da Faransanci za ta ce Tahoua da Zinder, wani ya zo daga baya ya rubuta Tawa da Damagaram, kwamfuta kuwa ta ɗauke su garuruwa huɗu. Shi ya sa ake kafa jerin sunaye tsayayye wanda ake zaɓa daga ciki, a ajiye sauran rubuce-rubucen a matsayin madadinsu.

Wajen kwashe bayanai, manhajar lissafi ta Excel na da ɓarna tasa. Yana share sifirin farkon lamba, 0045 ta koma 45, yana kuma iya mai da lamba irin 3-12 kwanan wata. Tsarin Faransa na rubuta 12,5 inda na Ingila ke rubuta 12.5, don haka a fayil ɗin CSV, wanda ke raba gurabe da waƙafi, waƙafin na iya raba awo gida biyu, sauran bayanan su zame zuwa guraben da ba nasu ba. Haruffa masu ƙugiya, wato ƙ, ɗ, ɓ da ƴ, sukan koma alamar tambaya idan ba a ajiye fayil da tsarin ajiye haruffa na UTF-8 ba.

Yadda ake bin sawu

Ana ɗaukar abu ɗaya da aka san bayaninsa ya karkace, a koma da baya: daga rahoto zuwa bayaninsa a rumbu, daga nan zuwa littafin rajista na takarda, sannan a je a duba lambar da ke jikin abin. Inda suka fara saɓawa, nan matsalar take. Gyara takardar rahoto da hannu aikin banza ne, domin gobe za ta sake fitowa yadda take. Kafin a taɓa rumbu ana ajiye kwafinsa, a kuma rubuta wanda ya yi gyaran da ranar da dalilinsa. Tsohon bayani ba a share shi.

Wannan taka-tsantsan na da nasaba da satar kayan tarihi. Mutum-mutumin yumɓu na Bura, daga yammacin Nijar, suna cikin jan jerin kayan Afirka masu fuskantar haɗarin sata, wanda ƙungiyar gidajen tarihi ta duniya, ICOM, ta fitar a 2000. Ma'aunin Object ID na 1997, wato ƙa'idar duniya ta bayyana kayan tarihi, yana buƙatar hoto, awo, alamomi da bayanin abu, waɗanda 'yan sanda da kwastan ke dogara da su wajen gane kayan da aka sace.